Wata bakwai ina zuwa wajen likitar halayya a Kano, ga yadda na ga wajen

Bari in fara da cewa ba talla nake ba, ba wanda ya ba ni ko sisi, hasali ma ni ce nake biya kuma aljihuna yana ji a jikinsa. Sunan wajen ma ba zan faɗa ba, don akwai abubuwan da zan kushe kuma bana son in ɓata wa baiwar Allah sana'a, sannan Kano duk girmanta ƙarama ce, kana faɗin abu ɗaya wani zai haɗa da wani ya gano gidanku. Abin da zan iya cewa ofis ne na kuɗi, a saman bene cikin wata filaza ta wajen Nasarawa, mace ce take gani, Bahaushiya, ta karanci halayyar ɗan Adam har digiri na biyu ɓangaren asibiti. Zama goma sha huɗu nayi da ita cikin wata bakwai, tara ido da ido, biyar kuma ta bidiyo a WhatsApp.

Abin da ya kai ni, murfin kular abinci ne. Yarinyata 'yar shekara bakwai ta ɗauko kular daga kicin ta suɓuce mata murfin ya fashe, sai naji bakina yana cewa ke dai ba ki da wani amfani, tun da na haife ki ban huta ba. Yarinyar bata yi kuka ba, da tayi kuka ma da sauƙi, tsayawa tayi ƙiƙam hannunta a baya tana karantar fuskata tana jiran taga ta ina abin zai ɓullo. Wallahi na san tsayuwar nan, tawa ce, haka nake yi a tsakar gidanmu shekara talatin da suka wuce, kuma maganar da na faɗa ko harafi ɗaya ban canza ba daga yadda Hajiyarmu take faɗa min. Daren ranar ban runtsa ba.

Hajiyarmu in kuka ganta a waje sai kun so ta. Ita ce mai liƙi a biki, ita ce mai kai wa maƙota kayan buɗe baki da azumi, duk wadda mijinta ya kora gidanmu take sauka. Inuwar giginya, na nesa ka sha. A cikin gida kuwa mu shida ta haifa amma ta raba mu kamar matan gida, akwai mowa akwai bora. Yayarmu ta biyu ita ce 'yar gaban goshi, fara ce kamar ita, ni kuma na ɗebo baƙin dangin Baba, don haka komai ya lalace a gidan ni ce, ko ina makaranta aka yi shi. In nazo ta biyu a aji sai tace wadda tazo ta ɗaya kai biyu gare ta? Ranar saukar Alƙur'aninmu a Islamiyya ta cika gida da ƙawayenta aka yi ta yi mata barka, ni kuma ina bayan gida ina wanke-wanke da kayan saukar a jikina. In ta yi fushi sai ta ɗauke min wuta, in gaishe ta da safe tayi kamar iska ce ta wuce, har sati biyu, kuma ba za ta taɓa gaya maka laifinka ba, kai za ka nemo shi ka zo ka bada haƙuri. In kuwa na tuna mata wata magana da ta faɗa min sai tace yaushe? ke kin cika ƙirƙira, har na dawo ni kaina bana yarda da abin da kunnena ya ji. Babban makaminta baki. Zan yi miki baki, zan ɗaga miki nono. Har na yi aure na haihu in naga sunanta a waya sai cikina ya murɗa.

Toh a TikTok da YouTube na fara jin kalmar nasisis, wato mutumin da son kansa ya yi masa yawa har ya zama cuta, na kwana ina kallo, duk abin da suka lissafa sai in ce wallahi Hajiya ce. Don haka da na nemi wajen nan gaskiyar magana ba magani naje nema ba, shaida naje nema, wani mai ilimi ya buga min hatimi yace eh uwarki haka take, ke ce mai gaskiya.

Ban samu wannan ba. A zama na biyu na zayyana mata komai sannan nace Dakta ai wannan nasisis ce ko? Dakta nake ce mata duk da tun ranar farko tace min ita ba likitar magani bace, bata rubuta ƙwaya, masu rubutawa su ne likitocin ƙwaƙwalwa da suka yi karatun likitanci, ita aikinta magana da gwaje-gwaje, in taga mutum yana buƙatar magani sai ta tura shi can. Sai tace Malama, ba zan iya saka wa wadda ban taɓa gani ba sunan cuta. Tace a littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi, wanda suka sabunta a 2013, alamomi tara aka jera wa wannan cutar, irin su ganin kai ya fi kowa, yunwar yabo, rashin jin zafin wani, amfani da mutane don biyan buƙata, hassada, kuma sai an samu biyar cikin taran a jikin mutum, ya daɗe da su, kuma wanda ya sani ya zauna da shi ya tantance. Sunan ma tace daga wani labarin Girkawa na da aka samo shi, wani saurayi da ya hango fuskarsa a ruwa ya kamu da son kansa har ya ƙare a bakin ruwan. Tace abin da zata iya aiki a kai shi ne abin da aka yi min da abin da ya bari a jikina, ko cutar tana da suna ko bata da shi.

Wallahi raina ya ɓaci. Na fito ina cewa kuɗina ya tafi a banza, ashe ita ma irin su anti wance ce masu cewa uwa uwa ce. Sati uku ban koma ba. Abin da ya mayar da ni wata tambaya ce da tayi min kafin in fito wadda ta ƙi barin kaina.

Ce min tayi, a ƙasar Hausa uwa da yawa bata nuna so a fili, akwai kara, akwai alkunyar ɗan fari har sunansa ba a faɗa, akwai wadda ko ɗaukar ɗanta ba zata yi a gaban surukai ba, to wannan duk mun san shi kuma ba shi ne cutarwa ba, don mai alkunya sonta yana ɓullowa ta wani wajen, zata ɓoye maka tsokar nama a ƙasan kwano, in kana zazzaɓi cikin dare za kaji hannu a goshinka. Sai tace ke in ba kowa a ɗakin, daga ke sai ita, ya take? Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Don ni akasin haka na sani, a gaban mutane ne take jawo ni jikinta tace 'yata malama, in an watse sai fuskar ta rufe kamar an kashe fitila. Shekara da shekaru mutane suna ce min ai haka iyayen da suke, kunya ce, ban taɓa samun wanda ya raba min su biyu ba sai ranar. Wannan kaɗai ya sa nace gara da na nemi Bahaushiya, don wani can a intanet da bai san kara ba ko dai ya ɗauki duk iyayenmu azzalumai ko ya kasa gane inda ciwon yake.

Yadda zaman yake, minti hamsin ne. Ranar farko akwai takarda da zaka sa hannu, tayi bayanin cewa duk abin da aka faɗa sirri ne sai dai in taga ran mutum ko na wani yana cikin haɗari. Sai ta ba ni tambayoyi tara a kan sati biyun da suka wuce, barci, cin abinci, gajiya, jin kai ba komai bane, har da ko tunanin mutuwa yana zo min, kowacce maki daga sifili zuwa uku, jimla 27. Na samu 16, tace wannan baƙin ciki ne mai ɗan nauyi, ba sangarta ba. Akwai kuma wasu tambayoyi goma na abin da ya faru kafin mutum ya kai shekara sha takwas, zagi, duka, rashin kulawa, rabuwar iyaye, shaye-shaye a gida da sauransu. Tace daga wani bincike aka ciro su da aka yi a Kalifoniya tsakanin 1995 da 1997 a kan mutum sama da dubu 17, aka ga yawan abin da mutum ya sha yana yaro yana tafiya tare da yawan haɗarin baƙin ciki da ciwon zuciya da shaye-shaye in ya girma. Amma ta ja kunnena cewa ba duba bane, ba wai wanda makinsa ya yi yawa shikenan tasa ta ƙare ba. Ni abin da na lura ma tambayoyin ba don mu aka yi su ba, ba maganar riƙo, ba maganar kishiyar uwa, ba 'yan ubanci, da na faɗa mata tayi dariya tace shi ya sa take ƙara nata da baki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da ta shimfiɗa farar takarda babba muka zana danginmu tun daga kakanni, wa ya auri wa, wa ya saki wa, wa aka ba wa riƙo, wa baya magana da wa. Ina cikin lissafi sai naji kaina ina cewa ai Hajiya ba a gidansu ta tashi ba, tana shekara biyar aka ba wa gwaggonta da bata haihu ba, tayi mata tallan goro har aka aurar da ita tana ƙarama sosai, kuma bata taɓa kiran uwar da ta haife ta da wani suna ba sai matar can. Na san labarin nan tun ina yarinya amma ban taɓa ɗora shi kusa da nawa ba. Nayi kuka sosai ranar. Sai kuma tsoro ya kama ni nace to shikenan Dakta yanzu ba ni da ikon jin haushi kenan tunda ita ma an yi mata. Tace a'a Malama, sanin daga ina ruwa ya taso baya busar da wanda ya jiƙe. Ki ji tausayinta in kina ji, ki ji zafin abin da tayi miki in kina ji, zuciya tana ɗaukar biyun.

Maganar addini ita ce na fi jin tsoro kafin in je, don ni malamar firamare ce kuma na yi Islamiyya, na san ayar Suratul Isra'i da ta hana ko uffan a ce wa iyaye, kuma masu bidiyon nan na Turawa maganarsu ɗaya ce, ka yanke hulɗa, ka toshe lamba, ka manta. Ni ba zan iya ba kuma bana so, ina son in gama da duniya lafiya. Maigidana ma da farko cewa yayi wannan abin Turawa ne, za a je a zuga ki ki raina uwarki. Toh ko sau ɗaya bata ce in yanke zumunci ba. Kuma bata yi min wa'azi ba, wanda shi ma na gode, don wa'azin haƙuri na sha shi har ya ginshe ni. Ta dai tuna min cewa haƙƙin ba hanya ɗaya yake bi ba, ta kawo labarin Nu'umanu ɗan Bashir da babansa yayi masa kyauta shi kaɗai yaje neman Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, aka tambaye shi duk 'ya'yanka ka ba su haka, yace a'a, aka ce masa ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Na san hadisin, yana Bukhari da Muslim, amma ban taɓa jin an karanta shi don a kare yaro irina ba. Sannan tace fatawa ba aikinta bane, in ina da tambaya a kan iyakar biyayya in tambayi malamin da na yarda da iliminsa, kuma na tambaya. Shi kuma oga da na gaya masa wani malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu tun shekara ta 934 yayi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai har ya raba baƙin ciki mai dalili da wanda yake faɗo wa mutum haka kawai, sai yayi shiru, daga baya ma shi yake tuna min ranar zuwa.

Aikin gida take bayarwa, kar ku ɗauka hira ce kawai. Ta sa na sayi ƙaramin littafi, duk lokacin da raina ya dugunzuma in rubuta me ya faru, me zuciyata ta faɗa min, sannan mene ne hujjar hakan da kuma hujjar akasinsa. Hanyar tace CBT ake kiranta, wato gyara tunani da ɗabi'a, wani likita Ba'amurke Aaron Beck ne ya assasa ta a shekarun 1960. Da farko abin ya yi min kamar aikin 'yan aji uku. Amma da na cika shafi goma sai naga abin mamaki, magana uku ce kawai take ta juyawa, ba ki da amfani, ke ce da laifi, za a gaji da ke. Hedimasta bai amsa gaisuwata da fara'a ba, ke ce da laifi. Oga ya dawo yayi shiru don ya gaji, za a gaji da ke. Kuma in na saurara da kyau muryar ma ba tawa bace. Akwai kuma numfashi, ja a ƙirga huɗu, saki a hankali a ƙirga shida, tace in yi kafin in ɗaga wayar Hajiya, wannan ya yi min aiki fiye da yadda na zata, ko a adaidaita sahu ina yi. Wasiƙa ma na rubuta wa Hajiya wadda ba za a aika ba, shafi bakwai, na karanta mata sannan na ƙona a kurfoti.

Wanda bai yi ba shi ne na kujera. Ta ajiye kujera ba kowa a kai tace in ɗauka Hajiya ce zaune in gaya mata abin da ke raina. Haba Dakta. Ni da ko ido bana iya haɗawa da ita, ina kallon kujerar naji ina neman zamewa ƙasa in durƙusa, sai dariya ta kama ni, dariyar ta koma kuka, ƙarshe kaina yayi ta ciwo har washegari. Ta ba ni haƙuri tace ta yi gaggawa, bamu sake ba. Na ji daɗin da bata nace ba amma a ganina ya kamata tun farko ta san wannan zai yi wa 'yar Hausa nauyi.

Yanzu bari in zo kan abin da ban ji daɗinsa ba, don suna da yawa.

Na farko kuma wanda ya fi ci min rai, littafin rajista a kan teburin shiga. Kowa yazo sai ya rubuta cikakken suna da lambar waya da unguwa, a buɗe, kana rubuta naka kana karanta na waɗanda suka riga ka. Ni da idona naga sunan wata da na sani a shafin, kuma na tabbata wani yaga nawa. A wajen da mutane suke zuwa a ɓoye, wasu ko mazajensu basu sani ba! A garin da in an ce wance tana ganin likitan ƙwaƙwalwa sai a ce an kusa kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, har ya shafi auren ƙannenta. Yarinyar da take zama a teburin kuma muryarta kamar lasifika, zata ƙwala sunanka tace Dakta na jiranki, ga masu shagon waya na kusa suna jin komai. Nayi ƙorafi sau biyu, har na ce musu ai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta yi maganar haƙƙin mara lafiya da sirrinsa. Kiran suna an daina, yanzu hannu take ɗagawa, amma littafin yana nan.

Na biyu kuɗi. Dubu goma sha biyar na fara biya duk zama, ana cikin tafiya ya koma ashirin ba tare da an sanar da ni ba sai da nazo biya, aka ce man janareta. Ga kuɗin adaidaita daga wajen Kurna zuwa da dawowa. Ga albashin malamar firamare ku lissafa da kanku, shi ya sa nake zuwa duk sati biyu maimakon duk sati, wani watan ma sau ɗaya, kuma sai da na fita daga adashi ɗaya. In ka fasa zuwa baka faɗa ba kwana ɗaya kafin ranar rabin kuɗinka ya tafi, amma ita ta taɓa ajiye ni minti arba'in bata iso ba kuma ba abin da aka rage min. Na ta WhatsApp ɗin kuɗinsu ɗaya da na ofis, wanda ban ga dalili ba tunda ni nake sayen data, kuma netiwok ba shi da kara, kana tsakiyar faɗin abin da baka taɓa gaya wa kowa ba hoto zai daskare, ta dawo tace Malama maimaita daga inda kika ce Baba ya shigo. Wa zai iya maimaita kuka? In kuna da hali ku je da ƙafarku. Janaretan ma a ƙarƙashin tagar ɗakin yake, sai dai shi na yafe masa don ƙararsa tana rufe maganar mutum daga na waje.

Na uku, in ta yi nisa cikin bayani sai Turanci ya ƙwace mata, sai na ce Dakta dawo gida. Takardun da take bayarwa ma duk da Turanci suke. Ni na iya, amma ina tuna irin ƙanwar babana da bata yi boko ba wadda ta fi ni buƙatar wajen nan.

Wanda ba shi da wannan kuɗin kar yace shikenan. Asibitocin gwamnati suna da sashen nan, akwai na Malam Aminu Kano, akwai Dawanau ɗin da ake tsoro wanda ba sai mai yawo tsirara ake kaiwa ba, akwai na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Kuma duk wanda tunanin kashe kansa yake zo masa ko ya daina barci da cin abinci kwata-kwata, wannan ba na jiran albashi bane, asibiti zai nufa a ranar.

Sai maganar ko ya yi amfani. Hajiya dai bata canza ba ko kaɗan, kuma Dakta tun farko tace kar in sa rai. Abin da muka tsara shi ne yadda zan yi zumunci ba tare da na miƙa wuyana ba. Ina kiranta duk Juma'a bayan la'asar, ni nake kira don kar kiran ya same ni ba shiri, minti goma, in tambayi jiki da magani da abin da take buƙata. Na daina gaya mata albashina da abin da ke tsakanina da oga, don duk abin da na faɗa mata sai na ji shi a bakin Yaya da ƙari. In ta fara tsokana amsa nake bata ba gishiri ba magi, to Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, Allah ya kyauta. Ba gardama, ba kare kai, don na gane kare kan nan shi ne itacen da wutar take ci. Gida kuma bana zuwa ni kaɗai, sai da yara ko ƙanwata, in yi awa ɗaya in tashi tun ana dariya. Hidimarta ban rage ko ɗaya ba, kuɗin maganin hawan jini ni nake turawa kamar da.

Babbar Sallar da ta wuce na kai mata cinyar rago da atamfa. A gaban matan yayyena ta ɗaga atamfar ta juya ta tace wannan ai irin ta 'yan aiki ce, ta kira yarinyar da take mata shara ta miƙa mata, sannan ta jawo leshin da Yaya ta kawo tana shafawa. Da a da ne sai in shiga banɗaki in yi kuka in fito in bada haƙuri in kuma ci bashi in sayo wata. Naji cikina ya murɗa kamar kullum, hannuna yana rawa a cikin hijabi, na ja numfashi huɗu na saki shida, nace to Hajiya Allah ya sa ta yi mata kyau, na juya na ce wa yarinyar ki kai wa tela da wuri. Hajiya ta kalle ni ta daɗe, irin kallon nan na me ya samu wannan, sai ta fara cewa kanta yana sara mata, aka taso ana sannu Hajiya, nima nayi mata sannu na ɗebo mata ruwa, da awata ta cika na tattara yarana. Nayi kuka a adaidaita har Kurna, ba zan yi ƙarya ba. Amma daren ranar nayi barci, kuma ban kira kowa ina tambaya ko Hajiya tana fushi da ni ba.

Da muka sake tambayoyi taran nan a zama na goma sha biyu 7 na samu. Har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi gabana yana faɗuwa, har yanzu in wani ya yabe ni sai in fara neman me yake so. Yarinyata kuma na zaunar da ita na ba ta haƙuri a kan maganar kula, abin da ba a taɓa yi min ba kuma bakina sai da yayi nauyi, ta kalle ni kamar na yi wani yare sannan tace Umma to zaki sayi wani murfin? Bayan nan ma na sake yi mata tsawa fiye da sau ɗaya, sai dai waccan maganar bata sake fita ba.

In maki ne, ita Dakta huɗu da rabi cikin biyar, ofishin nata biyu. Wanda zai je ya tambayi kuɗi ƙarara tun a waya ya kuma tambaya ko zai ƙaru, ya tambayi me ta karanta kuma a ina, ba rashin kunya bane, don yanzu kowa ya buɗe shafi sai yace shi mai bada shawara ne. Kar ka sa zaman a ranar da kake da biki ko aiki bayansa, don fitowa zaka yi kamar wanda aka yi wa duka. Ki tafi da hankicinki, tishunsu yana yawan ƙarewa. A littafin rajistar kuma ni yanzu Maman Auta kawai nake rubutawa, lambar waya in bar wajen a fili, yarinyar teburin ta harare ni sau ɗaya ta ƙyale. Zama na goma sha biyar na sa shi ranar Asabar ta farko bayan an yi albashi.